An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Na Koya Game da Batirin Mota

Batura biyu na canza a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni kafin na yarda cewa ba batir ne mai laifi ba. Motar takan tashi lafiya lau muddin ana hawanta kullum, amma da zarar ta kwana uku ko huɗu a ajiye, sai in murɗa makulli in ji wannan ƙas-ƙas-ƙas ɗin da kowane mai mota ya san ma'anarsa, fitilun dashbod su dushe, inji kuwa ko motsi. Batir na farko na ce tsufa ne ya cim masa. Na biyu na ce jabu aka sayar mini, har na yi ta ƙorafi a kan mutumin da na saya a wurinsa, alhali bawan Allah bai cuce ni da komai ba. Sai da wani mai gyaran wutar mota ya kwance kan at, wato kan batir mai alamar ragewa, ya saka mita, wato na'urar auna wuta, tsakaninsa da wayarsa, sannan na ga da idona cewa motar tana shan wuta kusan rabin amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, alhali an kashe komai an zare makulli. Da aka bi diddigi, sai aka tarar 'yar fitilar cikin but ce ba ta mutuwa idan an rufe murfin, domin makunninta ya lalace, kuma babu yadda za a yi mutum ya gan ta a kunne tunda sai an rufe but ɗin take yin ɓarnarta.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Ƙwan fitila mai wat 5 a kan bolt 12 yana jan kimanin amfiya 0.4, wanda a cikin awa 24 ya kai kusan amfiya-awa 10, wato amfiya sau yawan awanni, ma'aunin wutar da batir yake ajiyewa. Batirin da ke motar mai amfiya-awa 60 ne, abin da ake rubutawa 60Ah a jikinsa, saboda haka kwana uku kacal sun isa su cinye rabin abin da ke cikinsa. Ni kuma tafiyata ta yau da kullum ba ta wuce minti goma sha biyar, wadda ba za ta taɓa mayar masa da abin da ya rasa ba. Haka na yi ta azabtar da batura biyu da yunwa har suka mutu, ina zarginsu da rashin inganci. Tun daga ranar na sayi mita ta kaina, na kuma ɗauki alkawarin ba zan sake yanke wa batir hukunci ba sai na auna.

Kafin aunawar ta yi ma'ana, sai mutum ya san abin da ke cikin wannan baƙin akwati. Fasahar tsohuwa ce ƙwarai. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, shi ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a shekarar 1859, sannan Camille Faure ya inganta yadda ake yin farantan cikinsa a 1881, kuma tun lokacin da kamfanin Cadillac ya fito da mota mai kik na lantarki, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, a 1912 batir ya fara zama abin da mota ba ta tashi sai da shi. Batirin mota na yau yana da ɗakuna shida a jere, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir yake nuna 12.6 ko da yake sunansa na bolt 12. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu, ɗaya na dalma zalla, ɗaya na dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, dukkansu a nutse cikin ruwan batir, wanda cakuɗa ce ta ruwa da asid na salfa, asid ɗin kimanin kashi ɗaya cikin uku ta fuskar nauyi. Idan batir yana ba da wuta, asid ɗin yana barin ruwan ya manne a jikin farantan ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet na dalma, ruwan kuma ya riƙa tsinkewa. Idan ana caji, sai al'amarin ya juya, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa.

A nan ne sirrin rayuwar batir yake. Wannan gishiri yana da laushi a farkon samuwarsa, caji yana mayar da shi cikin sauƙi. Amma idan aka bar batir a sauke na kwanaki ko makonni, gishirin yakan daskare ya zama ƙwayoyi masu tauri waɗanda caji ba ya iya narkarwa, kuma duk wurin da suka mamaye a jikin faranti ya tashi daga aiki ke nan. Batirin da ake bari a rabin caji kullum yana ƙanƙancewa ne a hankali daga ciki, ko da yake girman akwatinsa yana nan yadda yake. Daɗin daɗawa, batirin mota an yi shi ne da farantai sirara masu yawa domin ya ba da wuta mai ƙarfi a cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba. Kowane lokaci da ya sauka ƙwaf, ko don an manta fitila a kunne ko don an daɗe ana sauraron rediyo inji a kashe, wani abu ya ragu daga kwanakinsa wanda ba zai dawo ba.

Gwajin da nake yi kashi uku ne, kuma mita mai nuna lamba ta isa a yi dukkansu. A juya ta zuwa wurin auna wutar batir, inda aka rubuta 20 a ɓangaren bolt mai alamar miƙaƙƙen layi, a ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar tarawa, baƙin tsinke a kan at. Gwaji na farko ana yin sa ne batir yana hutawa, kuma mafi kyawun lokacinsa shi ne da safe kafin a tayar da mota. Dalili kuwa shi ne batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu, ko motar da aka kashe ba da jimawa ba, yakan nuna lamba mai yawa wadda ba ta gaskiya ba ce, har ya kai bolt 13, saboda wani caji na sama-sama da bai shiga cikin farantan ba. Idan mutum yana sauri, ya kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu, ya kashe, ya ɗan dakata, sannan ya auna. Lambar 12.6 ko 12.7 tana nufin batir a cike yake. Lambar 12.4 tana nufin saura kimanin kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 kuwa saura kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Abin da yake ruɗar mutane da yawa, ni ma ya ruɗe ni a da, shi ne ganin 12.0 a kan batirin bolt 12 sai su ce ai lafiya lau, alhali batirin yana dab da ƙarewa. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wofi ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka lambar da ke bayan ɗigo ita ce labarin gaba ɗaya.

Sai dai wannan gwaji yana faɗin yawan cajin da ke ciki ne kawai, ba ya faɗin ko batirin yana da ƙarfin aiki. Batirin da gishiri ya cinye rabin farantansa zai iya nuna 12.6 bayan caji, amma ya durƙushe da zarar an ɗora masa kaya. Saboda haka gwaji na biyu ya fi muhimmanci a wurina. A bar mita a kan batir, wani ya murɗa makulli, a zuba wa lambar ido a daidai lokacin da kik yake juya inji. Dole ta sauka, domin kik na ƙaramar motar fetur yana jan amfiya ɗari zuwa ɗari biyu, na dizal ma ya fi haka, amma bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba idan batirin yana da cikakken caji kuma yanayi ba na tsananin sanyi ba ne. Idan ta faɗi zuwa 8 ko 7, batirin ya gaji. Idan kuwa lambar ta tsaya a sama, wajen 12, amma kik ɗin bai juya ba ko yana juyawa da ƙyar, to wutar ba ta isa gare shi ne, kuma a nan sai a nemi laifin a kan batir da ya yi datti, ko waya da ta ci, ko wayar at da ta saki a jikin inji, ko kik ɗin kansa. Akwai wata dabara mai sauƙi da nake jin daɗinta: a ɗora tsinke ɗaya a kan dunƙulen dalmar batir, ɗayan a kan maƙalar wayar da ke rungume da shi, a buga kik. Tunda a haɗe suke, ya kamata mita ta nuna kusan sifili. Idan ta nuna rabin bolt ko fiye, to a wannan ɗan wurin wutar take maƙalewa, kuma wankewa da ɗaurewa kawai ake bukata.

Gwaji na uku na altaneta ne, wato na'urar da fambel yake juyawa don ta samar da wuta idan inji yana aiki. Bayan mota ta tashi, mita a kan batir ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. A kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota, a ɗan ƙara wa inji wuta, lambar ta ci gaba da zama sama da 13. Idan tana wajen 12 da 'yan kai kamar yadda take kafin a tayar, altaneta ba ta caji, kuma motar tana tafiya ne a kan batir kaɗai har ya ƙare. Idan ta haura 15, na'urar da ke daidaita wutar ta lalace, tana dafa batirin, kuma sau da yawa mutum zai ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ko ya ga gefen batirin ya kumbura. Sababbin motoci da yawa kwamfuta ce take sarrafa cajinsu, tana ɗaga lambar tana saukewa bisa bukata don rage shan mai, saboda haka a irinsu kada a yi gaggawar yanke hukunci daga kallo ɗaya.

Akwai wata al'ada da nake so in tsaya a kanta, domin har yanzu ina ganin ana yin ta da cikakken ƙarfin gwiwa: a cire kan batir inji yana aiki, wai idan motar ba ta mutu ba altaneta tana da lafiya. Wannan gwaji ya samo asali ne daga zamanin motocin da ba su da kwamfuta ko ɗaya. Batir, ban da ajiye wuta, shi ne yake shanye duk wani tsalle da wutar altaneta za ta yi. Idan aka cire shi farat ɗaya altaneta tana cikin aiki, wutar takan yi tsalle zuwa ninkin abin da na'urorin mota za su iya ɗauka, kuma cikin ƙiftawar ido za ta iya ƙona kwamfutar inji ko na'urorin cikin altanetar kanta. Wanda ya yi sau goma bai ga ɓarna ba sa'a ya ci, kuma ko da motar ba ta mutu ba, wannan bai nuna cewa cajin ya kai yadda ake so ba. Mita tana ba da amsar da ta fi wannan inganci a cikin daƙiƙa biyar, ba tare da an saka komai cikin haɗari ba. Ni dai ba na barin kowa ya yi wa motata haka.

Idan gwaje-gwajen nan uku sun fito da kyau amma batir yana sauka idan mota ta kwana biyu, to ruwa ba ya tsami banza, akwai ɓarawo a cikin gida irin nawa. Ana kama shi ne ta hanyar mayar da mita zuwa ma'aunin amfiya, a sauya jan tsinke zuwa ramin da aka rubuta 10A, a kwance kan at, a saka mitar tsakanin dunƙulen batir da wayar. A rufe ƙofofi, a jira minti ashirin zuwa rabin awa, wasu motocin ma fiye, har kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ya rage bai kamata ya wuce kimanin amfiya 0.05 ba, wanda agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar tsaro suke ci. Idan ya fi haka sosai, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda lambar za ta faɗi. Waɗanda aka fi kamawa su ne kayan da aka ƙara wa mota daga baya, irin su rediyo da amsa-kuwwa da na'urar bin sawu da kyamara, sai fitilun but da na aljihun dashbod, sai kuma altanetar da ɗaya daga cikin diyod ɗinta, wato 'yan na'urorin da ke hana wuta komawa baya, ya ƙone, wadda take caji da rana tana zuƙewa da dare. Kada a kuskura a buga kik mita tana wannan matsayi, domin nan take fis ɗinta zai ƙone.

Ga batirin da ake iya buɗe murafunsa, akwai wani tsohon gwaji da har yau babu kamarsa wajen tona asirin ɗaki ɗaya da ya lalace, shi ne auna kaurin ruwan batir da haidiromita, wani bututun gilashi mai roba a kai da ɗan abu mai yawo a ciki. Tunda asid ya fi ruwa nauyi, cikakken batir yana nuna 1.265 zuwa 1.280, wanda ya sauka ƙwarai kuma wajen 1.120. Abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin ɗakunan. Idan bayan cikakken caji ɗaki ɗaya ya gaza sauran da 0.050 ko fiye, batirin ya tafi. Irin wannan ne kuma yakan nuna kimanin 10.5 a mita bayan ya huta, domin ɗakuna biyar ne kawai suke aiki, biyar sau 2.1, kuma babu cajin da zai tayar da na shidan. Masu sayar da batir da yawa suna da na'urar da take kwatanta ƙarfin batir da lambar CCA da ke jikinsa. Wannan lamba, a ma'aunin Amurka, tana nufin yawan amfiyar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Shawarata ita ce kada a yarda a gwada batir da irin wannan na'ura yana a sauke, a cika shi tukuna, domin batir mai yunwa da batir mai ciwo kamanninsu ɗaya a wurin gwaji.

Sai maganar caji, wadda a nan ne na fi yin kuskure a da. Na daɗe ina ɗauka cewa idan an tayar mini da mota, zagayen minti ashirin ya isa batir ya cika. Lissafi bai yarda da haka ba. Tayar da inji sau ɗaya, a ce amfiya 150 na daƙiƙa uku, bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na amfiya-awa guda ba, kuma altaneta tana mayar da wannan cikin 'yan mintoci. Wannan shi ne aikin da aka yi ta dominsa, tare da ciyar da fitilu da sauran na'urori. Amma batirin da ya rasa amfiya-awa 30 ko 40 labarinsa daban ne, domin batirin dalma yana karɓar caji da sauri a farko, sannan ya riƙa rage karɓa yayin da yake cika, kuma kashi na ƙarshe yana ɗaukar awanni komai ƙarfin abin da ke ba shi. Gajeriyar tafiya za ta ba shi abin da zai tayar da mota gobe, ta bar shi a rabi, gishirin kuma ya ci gaba da daskarewa. Ita ma altanetar tana wahala, domin tilasta mata cika mataccen batir yana sa ta yi zafi fiye da kima. Duk batirin da ya sauka har aka yi masa jone, ya kamata a ɗora shi a kan caja a ranar ko washegari.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a yi caji da kimanin kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah, wato amfiya 6 ga batir mai 60Ah. A takarda, batirin da ya sauka rabi zai cika a awa biyar, amma a aikace yakan haura haka da awanni, domin wani kaso na wutar yana tafiya a zafi, ga kuma jinkirin da ake samu a ƙarshe. Caja ta zamani mai sarrafa kanta tana yin aikin a matakai: ta fara da tura amfiya daidai gwargwado har batir ya kai wajen bolt 14.4, ta tsaya a nan tana barin amfiyar tana raguwa da kanta, sannan ta sauko wajen 13.5 ta riƙe shi a cike ba tare da ta dafa shi ba. Irin wannan ce ta dace da motar da ake ajiyewa makonni. Tsohuwar caja marar wannan dabara ita ma tana aiki, amma sai an tsaya a kanta, domin ba ta san batir ya cika ba, za ta yi ta turawa har ruwan ya riƙa tafasa yana ƙonewa. A riƙa taɓa jikin batirin, idan ya yi zafin da hannu ba ya jin daɗin tsayawa a kai, wajen digiri 50, a kashe a bar shi ya huce. Cajin gaggawa mai amfiya talatin ko arba'in yana fitar da mutum daga matsala, amma yana cin kwanakin batir, kuma ba na son sa sai dole. Wani abin da ya kamata a sani shi ne wasu cajojin zamani ba sa fara aiki idan batir ya sauka ƙwarai, sai su nuna kamar babu batir a jone, kuma wannan kaɗai ba hujja ba ce cewa ya mutu. Hujjar tana zuwa ne bayan an cika shi an bar shi ya kwana ba a jone da komai ba: idan da safe yana 12.6 ko kusa, da sauransa, idan kuwa ya gangaro ƙasa da 12.4 shi kaɗai, ya daina riƙe caji.

Batir yana fitar da iskar haidirojin idan ana cajinsa, musamman dab da cikarsa, kuma wannan iska tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Saboda haka a yi caji inda iska take shiga tana fita, babu taba, babu ashana, kuma a maƙala wayoyin caja a kan batir kafin a kunna ta, a kashe ta kafin a cire su, domin tartsatsi ɗaya a bakin murfi ya isa ya fasa batir ya watsa wa mutum asid a fuska. Idan asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti goma sha biyar, na ido kuma a garzaya asibiti. Wajen kwance batir daga mota, kan at ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Hikimar ita ce duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da at, don haka idan sifana tana kan mai alamar tarawa ta taɓa jikin mota alhali at yana ɗaure, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta, ta yi ja, ta ƙona hannu. Zobe da agogon ƙarfe ma haka, gara a cire su. Wannan hikima ce kuma ta sa a wajen jone ake fara haɗa jar waya daga kan tarawa na mataccen batir zuwa kan tarawa na mai rai, sannan baƙar waya daga at na mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, domin tartsatsin haɗawar ƙarshe ya tashi can nesa da iskar. Wajen cirewa sai a bi ta baya.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. Idan batirin mai murafu ne, a duba ruwansa lokaci-lokaci, ya kasance ya rufe farantan da kimanin santimita ɗaya. Abin da yake ƙonewa ruwa ne, asid ɗin yana nan, saboda haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, irin wanda aka samo daga tururi, wanda babu gishiri ko ƙarfe a cikinsa. Ƙara asid a tsohon batir yana iya sa ya yi kamar ya farfaɗo na ɗan lokaci, amma yana ƙara cin farantan ne. A ƙara ruwan bayan caji, domin yana ɗagowa idan batir ya cika, sai dai idan farantan sun riga sun fito fili, a nan sai a ɗan rufe su tukuna. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da yake taruwa a kan batir ana wanke shi da bekin soda da aka dama da ruwa, a kula kada ya shiga cikin ɗakunan, a goge da burushin waya, a ɗaure da kyau, sannan a shafa ɗan basilin a sama. A tabbata kuma ƙarfen da ke danne batir a mazauninsa yana nan daram, domin girgiza tana kakkaɓe abin da ke jikin farantan ya taru a ƙasa har ya haɗe su. Mutane sun fi danganta mutuwar batir da sanyi, saboda da sanyin safiya yake ƙin tayar da mota, amma zafi ne yake yin ainihin ɓarnar, sanyi kuwa tona ta yake yi. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan digiri 25 yana iya rage kwanakin batirin dalma da rabi, shi ya sa rigar da wasu motoci suke zuwa da ita a jikin batir ba ado ba ce, kuma bai kamata a yar da ita idan an canza batir ba.

Motocin da suke kashe inji da kansu idan an tsaya suna amfani da batir na musamman, wanda ake kira AGM ko EFB, kuma idan aka saka musu na gargajiya ba ya daɗewa. Shi AGM a rufe yake ruf, asid ɗinsa yana cikin wata auduga ta gilashi, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa, kuma cajin da ya wuce kima yana lalata shi da wuri, don haka a zaɓi matsayinsa a jikin caja. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci suna da 'yar na'ura a kan at mai lissafin wutar da ke shiga da fita, saboda haka idan za a yi caji batir yana cikin mota, a maƙala baƙar waya a jikin ƙarfen mota domin na'urar ta san abin da ya shiga. Wasu ma sai an sanar da kwamfutarsu cewa an saka sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon.

Batura biyun da na kashe na mayar da su wurin masu karɓar tsofaffi, domin dalma guba ce, ta fi yi wa yara illa, kuma ana narkar da ita a sake yin sabon batir da ita, don haka bai dace a fasa batir a gida ko a zubar da ruwansa a ƙasa ba. Na ukun yana cikin shekararsa ta huɗu yanzu. Nakan auna shi sau ɗaya a wata da safe, in ɗora shi a kan caja duk lokacin da na ga ya sauka ƙasa da 12.4, kuma idan zan bar motar fiye da mako biyu nakan kwance kan at. A awon da na yi masa na ƙarshe ya nuna 12.5 yana hutawa, ya sauka zuwa 10.2 da aka buga kik, sannan ya hau 14.2 da inji ya tashi. Lambar tsakiyar ce nake sa wa ido, domin bara 10.6 take.